FASHIN BAƘI: Injin da ba shi da birki, da yadda ake hana shi gudun da zai tarwatsa shi

Da safiyar Alhamis, 4 ga Nuwamba 2010, jirgin kamfanin Qantas samfurin Airbus A380 ya tashi daga filin jirgin Changi na Singafo ya nufi birnin Sidni na Ostareliya, ɗauke da fasinjoji 440 da ma'aikata 29. Minti huɗu da tashi, yana sararin tsibirin Batam na Indonesiya, sai aka ji ƙara mai tsanani har sau biyu. Wani faifan ƙarfe da ke cikin injin na biyu, a fiffiken hagu, ya fashe gida uku. Gutsattsarinsa suka keta jikin injin, suka huda fiffike, suka fasa tankin mai, suka tsinke wayoyi masu yawa, wasu kuma suka zube kan gidajen mutanen Batam.

Matuƙa biyar ne a gaban jirgin ranar, ƙarƙashin jagorancin Kyaftin Richard de Crespigny, kuma sai da suka shafe kusan awa biyu a sama kafin su sauke shi a Singafo. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Ostareliya, ATSB, ta fitar da rahotonta na ƙarshe a watan Yunin 2013, kuma abin da ta gano bai da wuyar fahimta. Faifan ya rabu da sandar da yake juyawa, ya zama ba ya jan komai, alhali iska mai zafi na ci gaba da tura shi da dukkan ƙarfinta. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya wuce iyakar juyin da ƙarfensa zai iya jurewa.

Wannan labari ya shafi mai karatu a Kano ko Maiduguri ko da bai taɓa taka ƙafarsa cikin jirgin sama ba. Injin da ke ɗaga jirgi da injinan da ke samar da mafi yawan wutar lantarkin Najeriya 'yan gida ɗaya ne. Injiniyoyi na kiransu tabain mai aiki da gas, kuma su ne ke juyawa dare da rana a tashar Geregu da ke kusa da Ajaokuta a Kogi, da Afam a Ribas, da Omotosho a Ondo, da Olorunsogo a Ogun, da Azura a Edo. Duk lokacin da aka ce babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe, cikin abubuwan da suka faru a daƙiƙoƙin farko har da waɗannan injina suna kashe kansu don kada abin da ya sami faifan Qantas ya same su.

Majajjawa mai nauyin tan-tan

Tsarin tabain kashi uku ne. A gaba akwai kwamfaresa, jerin farfeloli da ke zuƙo iska suna matse ta. A tsakiya akwai ɗakin ƙonewa, inda ake fesa gas ko man jirgi cikin matsattsiyar iskar a kunna wuta. A baya kuma akwai wasu farfelolin da aka dasa a kan faya-fayen ƙarfe, waɗanda iskar da ta yi zafi ta kumbura take bugawa yayin fita, sai su juya. Doguwar sandar ƙarfe, wadda makanikai ke kira shaf, ita ke haɗa baya da gaba. Fiye da rabin ƙarfin da farfelolin baya suka samar yana ƙarewa ne wajen juya kwamfaresa. Abin da ya rage shi ne riba: a jirgi ya juya babbar fankar gaba, a tashar wuta ya juya janareta.

Babu birki a wannan tsari. Babu wani abu da za a matse ya tsayar da shaf mai nauyin tan gommai yana juyi 3,000 a minti ɗaya. Hanya ɗaya tak ake da ita ta rage masa gudu, wato rage masa mai, sannan a jira.

Wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya san cewa iya saurin juya ta, iya yadda dutsen ke jan igiya. Sai dai ƙarfin jan ba ya ƙaruwa daidai da ƙarin gudu. Idan gudu ya ninka biyu, jan ninkawa huɗu yake yi. Ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100 yana ƙara wa ƙarfe wahala da kashi 21, ƙarin kashi 20 kuma ya ƙara masa kashi 44, ga shi kuma ƙarfen yana cikin zafin da ya riga ya rage masa ƙwari. Shi ya sa dokar Hukumar Sufurin Sama ta Amurka, FAA, ta wajabta wa mai ƙera injin jirgi ya nuna cewa faya-fayensa za su jure gudun kashi 120 cikin 100 na iyakar da aka ƙayyade har tsawon minti biyar ba tare da sun fashe ba.

Akwai wani abin da fasinja ba zai so ji ba. Ana ƙera jikin injin jirgi ne yadda zai iya tare reshen farfela guda idan ya karye. Faifai kuwa, babu jikin injin da zai tare shi, domin da za a yi masa sulken da zai iya hakan, jirgin ba zai tashi ba saboda nauyi. An ga haka a ranar 19 ga Yulin 1989, lokacin da faifan fankar injin wutsiya na jirgin United Airlines samfurin DC-10 ya fashe a sama, ya tsinke dukkan hanyoyin haidirolik da ake sarrafa jirgin da su. Cikin mutum 296 da ke ciki, 112 suka rasu a filin jirgin Sioux City na jihar Iowa. Wani ɓoyayyen lahani a cikin ƙarfen ne ya jawo wancan haɗari, gudu bai wuce ƙa'ida ba, amma ya nuna irin ɓarnar da faifai ke yi idan ya fito. Tunda ba za a iya tare shi ba, dole a tabbatar bai fashe ba tun farko.

Matsalar ta girmi jiragen da muka sani. A watan Afrilun 1937, lokacin da Frank Whittle ya fara tayar da injinsa na gwaji a wata masana'anta da ke garin Rugby na Ingila, injin ya kuɓuce masa. Ya rufe bawul ɗin mai, amma gudu ya ci gaba da hawa har kusan juyi 8,000 a minti, ma'aikatan da ke kallo suka ranta a na kare. Daga baya aka gano cewa mai ne ya tsiyaye ya taru a ɗakin ƙonewa, injin kuma ya ci gaba da shan abin da ya taru.

Gwamna

Mai gyaran janareta a kowace kasuwa ya san wani ɗan ƙarfe da sifirin da ake kira gwamna. Shi ne dalilin da ya sa idan aka jona dutsen guga, sai a ji muryar janareta ta yi ƙasa, sannan ta dawo daidai. Idan aka cire, ta ɗaga na ɗan lokaci, ta sake daidaita. Gwamna yana jin gudun inji, ya ƙara mai idan gudu ya ragu, ya rage idan ya ƙaru. James Watt ne ya ɗora irinsa a kan injin tururi a 1788, da ƙwallayen ƙarfe biyu masu buɗewa idan juyi ya yi yawa, sannan James Clerk Maxwell ya yi masa lissafi a 1868, lissafin da ilimin sarrafa na'urori na yau ya tsiro daga gare shi.

A tabain na zamani kwamfuta ce gwamna. Ana sanya wani gargare mai haƙora a kan shaf, a kafa na'urorin maganaɗisu kusa da shi suna ƙirga haƙoran da ke wucewa, daga nan kwamfuta take sanin gudu. Amma ba gudu kaɗai take kallo ba. Tana lura da zafin iskar da ke fita, don kada farfeloli su ƙone, tana kuma lura da saurin hawan gudu, don kada a shaƙe kwamfaresa iska ta juyo baya. Kowane ɗaya cikin ukun nan yana faɗin adadin man da ya yarda a bayar, kuma wanda ya nemi mafi ƙaranci shi ake bi. A ƙasa ma akwai iyaka: idan aka rage mai da sauri fiye da kima, wutar ɗakin ƙonewa mutuwa take yi. Aikin gwamna ke nan, tafiya tsakanin ƙuna da mutuwar wuta.

A tashar wuta lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin injin ba shi kaɗai yake ba. Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, abin da ake aunawa da Hertz, kuma manyan injina irin na Geregu da Azura sai sun yi juyi 3,000 a minti kafin su ba da wannan bugun. Da zarar an jona janareta da babban layi, ya ɗaure da sauran janaretocin ƙasar, daga Kainji har Afam, tamkar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya guda. Babu wanda zai yi gaba ya bar ɗan'uwansa. Idan aka ƙara wa inji ɗaya gas, ba gudunsa ne zai ƙaru ba, kason nauyin da yake ja ne zai ƙaru. Idan buƙatar ƙasa ta fi abin da injina ke bayarwa, dukkansu sai su rage gudu tare, bugun wuta ya sauka ƙasa da 50. Idan wuta ta fi buƙata yawa, su ƙara gudu tare.

Da a ce kowane gwamna zai dage sai ya riƙe 50 cif, da injina sun yi ta kokawa da juna, wannan ya ja, wancan ya saki. Maganin da aka samo shi ne a saita kowanne ya yarda da ɗan sassauci, yawanci kashi 4 ko 5 cikin 100. A saitin kashi 4, idan bugun layi ya sauka da kashi 1, wato rabin Hertz, kowane inji zai ƙara rubu'in cikakken ƙarfinsa da kansa, ba tare da an buga wa kowa waya ba. Haka ma idan bugun ya hau, kowanne ya rage. Wannan martani na daƙiƙoƙin farko shi ke riƙe layi a tsaye kafin ma'aikatan cibiyar kula da layi ta ƙasa da ke Osogbo su fahimci abin da ke faruwa.

Jarrabawa mafi tsanani ga gwamna ita ce ranar da nauyi ya ɓace gaba ɗaya. Mai keke da ke hawa tudu da dukkan ƙarfinsa, sarƙa ta zame, ya san yadda ƙafafunsa ke wulwulawa babu abin da ke tare su. Haka inji ke yi idan layin da ke kwashe wutarsa ya katse yana tsaka da cikakken aiki. Gwamna mai lafiya zai datse gas nan take zuwa ɗan abin da zai hana wuta mutuwa, gudu ya ɗan haura, sannan ya dawo 3,000 ya tsaya yana jiran a sake jona shi. Manyan injina masu shaf guda suna da sauƙi a nan, domin nauyin shaf da kwamfaresar da ke maƙale da shi suna rage saurin hawan. Waɗanda aka samo daga injinan jirage sun fi rauni. Misalinsu shi ne TM2500 na kamfanin GE da ke tashar gaggawa ta Maiduguri, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023 bayan 'yan ta'adda sun rusa turakun layin Damaturu sun bar birnin cikin duhu. Farfelolin da ke juya janareta a irin wannan inji ba su haɗe da kwamfaresa ba, iska ce kawai ke tsakaninsu, don haka idan nauyi ya ɓace suna zabura cikin ƙiftawar ido.

Idan gwamna ya gaza

Gwamna na iya gazawa. Bawul na iya maƙalewa, na'urar auna gudu na iya yin ƙarya, kwamfuta na iya daskarewa. Saboda haka ake kafa kariya ta biyu wadda ba ta da aiki sai guda: idan gudu ya kai wani mizani, yawanci kashi 110 cikin 100, ta rufe mai gaba ɗaya. Ga inji mai juyi 3,000, mizanin yana wajen 3,300 ke nan.

A tsofaffin injina wannan kariya wata ƙusa ce da aka dasa a cikin shaf, nauyinta ya ɗan karkata gefe, sifirin na riƙe da ita. Idan gudu ya kai mizani, ƙarfin majajjawa ya rinjayi sifirin, ƙusar ta fito ta daki wani maɗauri, shi ke nan. Ba ta buƙatar wuta ko kwamfuta, amma tana iya shafe shekaru ba ta motsa ba, datti da tsatsa su riƙe ta, kuma babu mai sani sai ranar da aka neme ta. Sababbin injina sun koma ga na'urorin lantarki guda uku, kowace da nata ma'aunin gudu, kuma sai biyu cikin ukun sun yarda kafin a kashe inji. Hikimar ita ce na'ura ɗaya da ta lalace ba za ta kashe inji a banza ba, ba kuma za ta hana a kashe shi ba idan haɗarin gaskiya ne. Ƙa'idar API 670, wadda masana'antar mai da gas ke bi, ta ce dole wannan kariya ta zama daban da kwamfutar gwamna, kuma ta yanke hukunci cikin kashi 40 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Abin da ya fi burge ni a duk tsarin shi ne yadda aka ƙera bawul ɗin rufe gas. A rufe yake zaune, sifirin mai ƙarfi na danne da shi. Matsin mai ne ke riƙe shi a buɗe muddin komai lafiya. Kariya ba ta buƙatar ta tura komai. Sakin matsin kawai take yi, sifirin ya rufe. Idan waya ta tsinke, ko famfon mai ya tsaya, ko wuta ta ɗauke a ɗakin sarrafawa, sakamakon ɗaya ne, inji ya mutu. Kuma bawul biyu ake jerawa, da mafitar da ke zubar da gas ɗin da ya maƙale tsakaninsu, darasin da Whittle ya koya da tsoro a Rugby.

Kariyar da ba a gwadawa ba ta da maraba da babu, amma gwajin ma haɗari ne, domin a tsohuwar hanya sai an tura inji da gangan ya kai mizanin a ga ko za ta kama. A watan Fabrairun 2011, a tashar Duvha ta kamfanin Eskom a Afirka ta Kudu, wani inji mai megawat 600 ya tarwatse yayin irin wannan gwaji. Na tururi ne, ba na gas ba, amma lissafin majajjawa bai bambanta su ba. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka rungumi na'urorin lantarki shi ne ana iya gwada su a ƙaramin gudu, ko da siginar kwaikwayo, ba tare da an kai ƙarfe bakin rami ba.

Inda idon kariya bai kai ba

To me ya sa duk wannan bai ceci injin Qantas ba? Injin Trent 900 na kamfanin Rolls-Royce yana da kwamfuta mai hanyoyi biyu, ɗaya na jiran ɗaya, kuma shaf uku ne a cikinsa, wani cikin wani, kowanne da gudunsa. Na tsakiya, mai juyi sama da 8,000 a minti, shi abin ya shafa.

Asalin matsalar wani ɗan gajeren bututu ne da ke kai man shafawa ga boris. Wajen ƙera shi a Ingila, ramin da aka huda a cikinsa ya kauce daga tsakiya, gefe guda ya yi siriri, bai kai rabin milimita ba. Girgizar yau da gobe ta tsaga shi, mai ya fesu cikin wuri mai zafi ya kama wuta, wutar ta tausasa wuyan da ke haɗa faifan da shaf har ya tsinke. Daga nan faifan ya zama kamar ƙafar mai keken da sarƙarsa ta zame.

Ga inda gizo ke saƙa. A injinan jirage da yawa, na'urar auna gudu tana gaba ne, wajen kwamfaresa, inda babu zafi sosai. Idan shaf ya rabu, ɓangaren gaba rage gudu yake yi saboda babu mai juya shi, na baya kuma yana zabura. Kariyar da ke jiran ganin gudu ya yi yawa ba za ta ga komai ba, domin abin da ke gabanta raguwa yake yi. Masu ƙera injina sun san da wannan, kuma suna dogara ne da wasu dabaru: ko faifan ya zame baya farfelolinsa su sarƙe da ƙarafan da ke tsaye su karairaye, ko injin ya shaƙe da kansa ƙarfin iska ya faɗi kafin faifai ya kai ga fashewa. Rahoton ATSB ya ce injin bai yi abin da lissafin kamfanin da gogewarsa da sauran injinan Trent suka nuna zai yi ba. Bayan haɗarin, Rolls-Royce ya ƙara wa kwamfutar injin wata manhaja da ke gane alamun rabuwar wannan shaf ta rufe mai kafin faifai ya kai gudun fashewa. An kuma cire injina sama da 50 daga aiki saboda shakku kan bututun, kamfanin ya biya Qantas dalar Ostareliya miliyan 95, jirgin kuwa bai koma aiki ba sai watan Afrilun 2012.

Wani abin mamaki ya faru bayan saukar jirgin. Injin na ɗaya, maƙwabcin wanda ya fashe, ya ƙi mutuwa, domin wayoyin da ke kai masa umarni sun tsinke. A jirgin sama, saɓanin tashar wuta, ana ƙera inji ne ya ci gaba da aiki idan ya rasa umarni, tunda mutuwarsa a sama ita ce babbar musiba. Sai da 'yan kwana-kwana suka yi ta ɗura masa ruwa da kumfa, kimanin awa uku bayan sauka, kafin ya tsaya.

Layin Najeriya da gwamnonin da aka ɗaure

Ƙa'idar layin wuta ta Najeriya ta ce bugu ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25 a yanayi na yau da kullum, kuma ko cikin matsi kada ya fita daga 48.75 zuwa 51.25. A lissafin juyi, wannan na nufin 2,925 zuwa 3,075, nesa da 3,300. Don haka ba daidai ba ne a ce kariyar gudu ce ke fara kashe injina duk ranar da layi ya durƙushe. Abin da ke fara faruwa shi ne, idan babban layi ya katse, ko kamfanonin rarraba wuta suka saki nauyi mai yawa lokaci guda, bugu na hawa a wani yanki yana faɗuwa a wani. Idan ya fita daga iyaka, na'urorin kare janareta su raba shi da layi. A wannan daƙiƙa ce inji ke rasa nauyinsa baki ɗaya, ya rage tsakanin gwamna da kariyar ƙarshe. Kowane injin da ya fita yana ƙara wa sauran nauyi, su ma su bi sahu. Faɗuwar bugu ma ba ta da daɗi ga tabain: idan ya rage gudu, iskar da yake zuƙa ta ragu, ƙarfinsa ya ragu daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Abin da ya kamata ya tare wannan tun yana ƙarami shi ne martanin gwamnoni na daƙiƙoƙin farko. Amma an daɗe ana ƙorafin cewa tashoshi da dama a ƙasar nan suna aiki ne da gwamnan da aka ɗaure, an saita inji ya ba da megawat kaza ya tsaya a nan, ko me ke faruwa a layi. Mai tasha yana da hujjarsa. A layin da bugunsa ke hawa da sauka babu ƙaƙƙautawa, injin da aka sakar wa gwamna zai yini yana ƙara wuta yana ragewa, ƙarfe yana zafi yana hucewa, kuma shi zai biya kuɗin gyara. Ban da haka, inji ba zai ƙara ƙarfi ba sai an bar masa sarari, wato a hana shi sayar da wani kaso na wutar da zai iya samarwa, kuma sai akwai gas mai isasshen matsi a bututu, abin da ba kullum ake samu ba. Idan 'yan kaɗan ne suka saki nasu, su za su ɗauki wahalar kowa.

Sai dai a ganina lissafin bai cika ba idan aka tsaya nan. Kashewar gaggawa ma tana cin inji. A ƙa'idar kula da manyan injina da GE ya wallafa, inji ya mutu farat ɗaya yana cikakken aiki ana lissafa shi daidai da tayarwa takwas, saboda yadda sanyi ke dukan ƙarfe mai zafi. Kowace durƙushewar layi tana matso da ranar babban gyara ga duk injin da ya faɗi, gyaran da ake biya da dala. Wahalar da aka guje wa kaɗan-kaɗan tana dawowa a dunƙule, tare da awannin duhun da asibitoci da masana'antu da masu sana'a ke sha kafin a sake tayar da layin, galibi daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro.

A 2025, bayan shekarar da layin ya faɗi sau da dama, Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ba da umarnin cewa dole kowane injin da ke jone da layi ya saki gwamnansa ya yi aiki, ta sanya 30 ga Nuwamba a matsayin wa'adi, da tarar kashi 10 cikin 100 na kuɗin wutar injin da ya saɓa. Sa ido ya rataya ne a wuyan NISO, hukumar tafiyar da layi da aka cire daga jikin TCN a shekarar. Wannan sharaɗi dama yana cikin ƙa'idar layi tun da daɗewa, tarar ce sabuwa.

Tabbatar da bin umarnin ba ya buƙatar dogon bincike. Kwamfutar kowane tabain tana ajiye tarihin gudu da buɗewar bawul da megawat, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Idan aka ɗora wannan tarihi kan na bugun layi a ranar da aka samu tangarɗa, za a ga injin da ya motsa da wanda ya yi shiru, a ga wanda gwamnansa ya kama shi bayan an raba shi da layi, da wanda sai da kariyar ƙarshe ta kashe shi. Takardar gwajin kariyar gudu ta kowane inji ma tana ɗauke da kwanan wata. Waɗannan bayanai suna hannun tashoshin da NISO da NERC, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumomin gwamnati ya nemi abin da ke hannunsu, su kuma amsa cikin kwana bakwai.